Farashin Rediyo

Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya yi shiru.

Ruwan da ke gudu a tiyo ya rage ƙarfi, ya koma ɗigo, ya tsaya. Ikrima na tsaye a tsakiyar lambu riƙe da fartanya, laka har idon sawu. Bai waiwaya ba. Ya san abin da ya faru. Ya zuba wa fangalin da ke gabansa ido. Ruwa ya shiga rabinsa ya tsaya, ƙasa na shanye shi tun bai isa ko'ina ba. Daga nan har gindin mangwaro sauran fangalolin a bushe suke, lawashin albasar ya fara sunkuyar da kai tun hantsi bai gama ɗagawa ba.

Ya je ya buɗe murfin tanki, ya girgiza injin, ya kasa kunne. Babu ko motsi a ciki. Duk da haka ya karkata shi, ya ja igiya. Injin ya yi gurnani kamar zai tashi, ya fasa.

Ga dam nan shimfiɗe a ƙasan gangare, ruwa iya ganinka, rana na wasa a kansa. In ka tsaya a bakin lambun ka jefa dutse, a ruwa zai faɗa. Amma gangare ne, kuma ba abin da ke hawo da ruwan nan sai mai.

Albasar kuwa ta fara yin kai, lokacin da ba ta yafe ƙishi. In ta sha yadda ya kamata zuwa ƙarshen wata, su cire, su sayar, su sayi hatsin da zai kai gidan zuwa kaka. Masarar damina tsutsa ta cinye, rumbu ya kusa ƙasa. In ba ta sha ba, ta tsaya ƙanana kamar goro, dillalai su ɗaga su ajiye.

Ya naɗe tiyo, ya lulluɓe injin da buhu, ya kama hanyar gida.

*

Malam Nasidi na zaune a zaure kan buzu, ƙafar dama a miƙe. Tun damina gwiwar ta kumbura ta zaunar da shi, lambun ya koma hannun ɗansa. Kuɗin dai bai bar hannunsa ba. Abin da aka samu a ragon da suka sayar don noman rani yana nan ƙulle a wani tsumma cikin aljihun 'yar cikinsa, shi ke kwancewa ya ba da na mai. A gefensa ga rediyonsa, baƙi, an ɗaure murfin batir da roba. Tun Ikrima na rarrafe yake jin muryar akwatin nan a gidan.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yawwa. Har an gama?"

"Mai ya ƙare."

Tsohon ya rage muryar rediyon a hankali, kamar mai tsoron ya ji masa ciwo.

"Jiya na ba ka na kwana biyu."

"Na kwana biyu a farashin rediyo. A wurin Sulle mai sayar da mai bai kai ba."

"Da kunnena na ji, Ikrima. Ba jiya kaɗai ba. Lita dubu ɗaya da 'yan kai, a faɗin ƙasa. Kai kuma kullum sai ka zo mini da dubu da ɗari biyar."

"Matsakaici suka ce, Baba."

"To?"

"Na ko'ina suke tarawa. Na Legas, na Fatakwal, na Abuja, namu. Su haɗa, su raba. Abin da ya fito shi suke karantawa. Ba lallai ne a sami wurin da ake sayarwa a haka ba."

"Wato gwamnati ce za ta zauna ta faɗi farashin da babu shi."

"Ba haka na ce ba."

"Ƙauyenmu Turawa ba a ƙasar nan yake ba?"

Ikrima ya sha yin wannan bayanin, har da zane a ƙasa. Babansa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana masinja a sakatariya, yana kai fayil daga ofis zuwa ofis da hannu biyu. A zamaninsa farashin mai ɗaya ne a baki, daga bakin teku har iyakar Nijar. In aka faɗa a rediyo da safe, kafin azahar ka gan shi a jikin famfo, wanda ya ƙara ko kwabo kuwa ɓarawo ne. An daɗe da sauya wannan tsarin. Amma ba wanda ya zo zaure ya gaya wa Malam Nasidi, shi kuma ba ya karɓar irin wannan labarin daga bakin yaron da ya haifa.

Tsohon ya dubi aljihun rigar Ikrima, inda kan waya ya leƙo.

"Wannan abar, da me ake ciyar da ita?"

Ikrima ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a wuya.

"Me kake nufi, Baba?"

"Tambaya na yi."

Daga cikin gida ƙarar taɓarya ta tsaya. Laure ce, mahaifiyarsa. Tun da mai injin niƙa ya ninka kuɗinsa ta koma turmi. Ta ɗan ɗaga murya.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ko takalmin kirki..."

"Ba da ke nake ba, Laure."

Da Ikrima ya so, da ya faɗa wa babansa cewa duk ƙwadagon da yake yi a gonakin mutane da yamma a tankin injin nan yake ƙarewa, kuma duk da haka albasar ba ta taɓa sha ta ƙoshi ba. Bai faɗa ba.

"Je ka aro babur ɗin Mu'az," in ji tsohon. "Gobe da kaina zan je gidan mai, in gani da idona."

"Albasar fa? Yau rabi ta sha. Ka ba ni in karɓo a wurin Sulle in ƙarasa mata, gobe sai mu tafi."

"Sulle ba zai ƙara ganin sisina ba. Kwana ɗaya ba zai kashe ta ba."

Ya mayar da muryar rediyo.

*

Teburin Sulle na gindin darbejiya a bakin hanya, kwalaben mai a jere, rana ta ratsa su sun yi launin zuma. Shi ne ɗan bumburutun ƙauyen, shi kaɗai. Duk injin da ke kuka a bakin dam, daga teburin nan ya sha.

"Ɗan boko, yau ko sallama babu?"

"Baba ya ce ɗayanmu ɓarawo ne. Bai tantance ba tukuna."

Sulle ya yi dariya har ya dafa tebur.

"Rediyon ne kuma? Ka ce masa ya kafa mazurari a gindinsa, in ya zubo ni ma ina so." Ya goge ido da hannun riga, dariyar ta tafi. "Ka san inda nake zuwa in samo shi? Ka san abin da nake ƙonawa kafin in dawo? Ga ramuka, ga masu tare hanya kowa hannunsa a miƙe. Wallahi wani zubin ribar ba ta kai kuɗin facin taya. Amma ni ne a gabanku, ni za a zaga."

"Gobe zai je da kansa."

"Da wannan ƙafar?" Sulle ya girgiza kai. "Allah ya kiyaye hanya. Teburina dai ba inda za shi."

Mu'az, maƙwabcinsu, bai yi musu ba. Ya turo babur ɗin waje, ya buɗe tanki, ya zaro karan dawa daga danga, ya tsoma har ƙasa. Ya ciro, ya yi masa tsaga da farce daidai inda jiƙar ta tsaya, ya miƙa wa Ikrima. Haka ake aron babur yanzu a Turawa. Ba kuɗi, ba doguwar magana. Ka tafi da karan, ka dawo da man da zai kai tsagar. Da can kunya ba za ta bari a yi wa maƙwabci haka ba.

"Kada ka ga wani abu," in ji Mu'az, yana kallon gefe.

"Ban ga komai ba."

Tsagar ta kusa rabin tanki. Ikrima ya soke karan a ƙarƙashin robar sirdi.

A gida ya tarar da Laure durƙushe gaban murhu tana hura karan da ya ƙi kamawa, hayaƙi ya sa mata jan ido.

"Ga tuwonka can."

"Ba na jin yunwa, Inna."

"To ka ci don ni." Ta ƙara kara, ta fifita da faifai. "Tun da ƙafar nan ta zaunar da shi, duniya ta koma masa cikin akwatin nan. Abin da akwati bai faɗa ba, bai faru ba. Ni ma da na ce kalanzir ya fi ƙarfinmu cewa ya yi ɓarna nake. Na ɗauke risho na kife a ƙarƙashin gado, ban ƙara magana ba."

"Ke bai ce miki ɓarauniya ba."

"Kai ma bai ce maka ba."

"Ya tambayi kuɗin waya."

Wutar ta kama, Laure ta janye fuska.

"Gobe ka riƙa kauce wa ramuka," ta ce.

*

Rana na fitowa suka tashi. Malam Nasidi ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya rataya rediyo a wuya. Jarkoki biyu a ɗaure a baya, fanko, suna buga juna. Sai da Ikrima da Laure suka kama shi kafin ya iya ɗaga ƙafar ya hau.

A Karaye, gidan man farko an gindaya gora a ƙofa, awaki na kwance a inuwar famfo. Na biyun ma haka, sai wani mai gadi a kan benci. Malam Nasidi ya yi masa sallama daga kan babur. Suka gaisa, gida, iyali, zafi, jiki, sannan ya kawo maganar mai.

"Ai Baba tanka ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba," in ji mai gadin. "Direbobi ba sa son hanyar nan sai an ƙara masu. In ta zo kuma, kafin la'asar an kwashe. An ce dai jiya an sauke a Rogo."

"Mu je Rogo."

"Baba," in ji Ikrima ƙasa-ƙasa, "Rogo baya ce. Duk nisan da muka ƙara daga birni, tsada muke bi."

"Tuƙa."

A Rogo akwai mai. Layin babura ya fito har titi, ya lanƙwasa ta gaban masu shayi. Malam Nasidi ya ce a sauke shi. Ya dogara sanda ya ratsa mutane, ana ba shi hanya saboda furfura, har gaban famfo. Ya sunkuya, ya ƙura wa lambobin ido. Ikrima na bayansa, shi ma ya gani. Abin da ke tsakanin farashin nan da na Sulle bai wuce kuɗin ƙullin gyaɗa ba.

"Yaro," tsohon ya ce wa mai zuba man, "injin nan naku ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau, Baba."

"Ba haka aka faɗa ba." Ya ɗaga rediyon da ke wuyansa, kamar mai nuna shaida a gaban alƙali.

Mai zuba man bai ɗago ba. "Wannan na masu kusa da teku ne, Baba. Mu nan ƙarshen hanya ne. Duk ramin da tanka ta faɗa, mu ke biya."

"A kunna mana shi, Baba, ko zai ɗiga," wani ɗan acaɓa ya ce daga cikin layi.

Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya tsawatar, dariyar ta koma cikin hannun riga.

Ikrima ya matso kusa da kunnensa. "Mu shiga layi mu saya a nan. In muka juya yanzu, kafin la'asar albasa ta sha."

Malam Nasidi na kallon lambobin har yanzu, leɓensa na motsi. Ikrima ya ga lokacin da abin ya shige shi. Ya ga ƙwayar idon ta tsaya, ya ga maƙogwaron ya hau ya sauka. Ya jira. Kalma ɗaya ta isa. Ko ba kalma ma, ya dafa shi kawai.

"Bakinsu ɗaya da Sulle," in ji tsohon. "Mu je babban titi."

*

Suka koma ta Karaye, suka wuce, suka yi gabas. Rana ta hau tsakiya, iskar da ke dukan fuska kamar daga bakin murhu. Kwalta ta ɓare a wurare da yawa. Ikrima na kauce wa wannan ramin, ya faɗa wancan, duk faɗawa kuma sai ya ji numfashin babansa ya katse a bayansa. Tsohon bai yi ƙorafi ba. Tun daga Rogo ya daina riƙe ƙarfen baya, ya kama ƙugun ɗansa da hannu biyu. Ikrima ya kasa tuna ranar ƙarshe da hannun nan ya taɓa shi.

Yana tuƙi yana jin man na raguwa a ƙarƙashinsa kamar jininsa ne. Man Mu'az ne, kowane ɗigo sai an mayar. Bara, da sakamakon jarrabawa ya fito, ya taɓa yin niyyar barin ƙauyen. Ya je tasha ya tambayi kuɗin mota zuwa birni, aka faɗa masa, ya dawo gida ya zauna. Abin da ya hana ruwa hawa gangare shi ne dai ya hana shi fita.

Suka yi azahar a wani masallacin bakin hanya bayan Kiru. Tsohon a zaune ya yi tasa.

Sai ga babban titi, manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙasa. Gidan mai ne mai farin rufi, famfo a jere, ko'ina a share. A kan dogon allo ga farashi da jar lamba. Ya ɗara na rediyo kaɗan, amma kowa ya gani ya san gida ɗaya suka fito.

Malam Nasidi ya saki ƙugun Ikrima, ya nuna da sanda.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Gwamnati ba ta ƙarya."

Fuskarsa ta washe, duk gajiyar hanya ta kau. Da layi ya kawo kansu, Ikrima ya kwance jarkoki.

"Ba ma zubawa a jarka," in ji yarinyar da ke riƙe da kan famfo, tun bai ajiye su ba.

"'Yata, manoma ne mu," in ji Malam Nasidi. "Daga Turawa muke, can bayan Karaye. Albasa ce ke mutuwa."

"Ka yi haƙuri, Baba. Doka ce. Ga manaja can yana kallo, in na zuba aikina ne zai tafi." Ba da faɗa ta faɗa ba, muryar mai maimaita magana tun safe ce. "Tanki kawai."

Aka cika tankin har wuya. Tsohon ya kwance tsumma, ya biya. Ƙullin ya rame da kusan rabi.

Ikrima ya tura babur gefe. Ta bayan katangar gidan man ya hango masu irin matsalarsu, durƙushe, tiyo a baki, suna zuƙe tanki zuwa jarka don su sake shiga layi.

"Baba, mu zaga baya mu juye, mu sake cikawa. Kowa haka yake yi."

Malam Nasidi ya dube su, ya kau da kai.

"An ce doka ce."

"Dokar ba ta san da albasa ba."

"Duk shekarun da na yi ina ɗaukar takardun hukuma ban taɓa zagawa ta bayan katanga ba. Ba da furfura zan fara ba."

"To me muka zo yi?"

Bai taɓa yi wa babansa magana da wannan muryar ba. Tsohon ya dafa sirdi, ya tsaya yana jiran a ɗaga masa ƙafa.

Ikrima ya mayar da jarkokin, ya ɗaure su fanko yadda suka zo.

*

La'asar ta yi sanyi suka iso. Ba su biya gida ba, Ikrima ya gangara da babur har gindin injin.

Lawashin ya kwanta. Na kusa da ruwa da sauran kore. Na gindin mangwaro bakinsu ya yi fari, ƙasar ta tsattsage kamar dugadugan tsoho. Rabon Malam Nasidi da lambun tun ranar dashe. Ya tsaya dogare da sanda yana bin fangalolin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ƙishin jiya da yau ba ne. Manomi ne, ya sani.

Ikrima ya ɗauko siririn tiyo, ya zura a tankin babur, ya kai ɗaya bakin kusa da nasa.

"Ba ni."

"Baba, ɗaci gare shi. Yana ƙona ƙirji."

"Ba ni, na ce."

Ya zauna a kan kunya da babbar rigarsa, ya kama tiyon, ya zuƙa. Bai iya ba. Man ya taho masa da ƙarfi, ya cika masa baki, ya ƙware. Ikrima ya fizge tiyon ya cusa a jarka. Tsohon na tari yana tofarwa, mai na bin gemunsa, hawaye na zuba. Da tarin ya lafa sai ya miƙa hannu.

"Karan."

Ikrima ya zaro karan Mu'az ya ba shi. Man na zuba a jarka da 'yar ƙara, tsohon na tsoma kara a tanki, ya ciro, ya goge da babban yatsa, ya sake tsomawa.

"Tsaya. Ya kai."

"Ɗan kaɗan, Baba. Ko faɗin yatsa. Mu'az ba zai..."

"Ya kai."

Ya sake gwadawa, ya ga jiƙar ta gaza tsagar kaɗan. Ya sa Ikrima ya mayar har ta rufe ta.

Abin da ya taru bai kai rubu'in jarka ba. Suka zuba masa ido.

"Kwalba nawa ke nan, a irin ta Sulle?"

"Huɗu. Ko da ɗan ɗori."

"Abin da na biya a can, da a wurinsa ne fa?"

Ikrima bai so ya faɗa ba.

"Bakwai."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya daɗe yana gyaɗawa.

Injin ya tashi. Tiyo ya kumbura, ruwa ya hawo gangare. Ikrima ya shiga buɗe wa fangali baki da fartanya, in ya cika ya toshe, ya buɗe na gaba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi ya haɗu da warin mai. Da ruwan ya kai tsakiyar lambu, ya ji an kira shi.

"Na gindin mangwaro, bar su."

"Baba..."

"Abin da ya rage ba zai kai mu ƙarshen wata da dukkansu ba. In muka raba masu, duk mu rasa. Bar su."

Rabin lambu ke nan. Rabin hatsin da za su ci. Ikrima ya tara laka ya toshe hanyar ruwan, ya danne da ƙafa.

Da ya dawo, tsohon ya ciro tsumman daga aljihu. Bai kwance ba, ya miƙa masa gaba ɗaya.

"Riƙe. Gobe ka je wurin Sulle." Ya dubi dam. "Ka gaishe shi."

Ikrima ya karɓa. Tun jiya yake jiran wannan, ko abin da ya yi kama da shi, ya zata zai ji sanyi a ransa. Ƙullin ba shi da nauyi, kuma yana warin mai.

*

Washegari ya mayar da babur, Mu'az ya karɓi karansa ya jefar bai gwada ba. Sulle ya zuba wa Ikrima mai, yau ba tsokana, har ya ɗan ɗaga kwalbar ƙarshe ta ɗige tas.

Tun kafin ya kai lambu ya ji murya. Rediyon ne, rataye a reshen mangwaro shi kaɗai, yana yi wa busasshiyar albasa magana.

Malam Nasidi na can ƙasan gangare. Ya naɗe wando har gwiwa, bokitin Laure a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Hawowa yake. Ya taka ya tsaya, ya taka ya tsaya, ruwan na fantsama yana jiƙa masa kumburarriyar ƙafar. Ikrima ya ajiye jarka ya tare shi, ya kai hannu ga bokitin. Tsohon bai saki ba.

"Baba, ka ce a bar su."

"Injin na ce ya bar su."

Ya wuce shi, ya ci gaba da jan ƙafa har inuwar mangwaro. Daidai lokacin mai karanta labarai ya zo kan maganar. Matsakaicin farashin litar fetur a faɗin ƙasa ya sauka a wannan wata, in ji shi, jama'a sun fara samun sauƙi. Tsohon ya tsaya, ya karkata kai yadda ya saba, ya saurara har ƙarshe.

"Ikrima."

"Na'am, Baba."

"Wurin nan da suke faɗa..."

Bai ƙarasa ba. Ya sunkuya ya juye abin da ya rage a bokitin cikin fangalin farko. Ƙasar ta yi 'yar ƙara, ta shanye tun bai kai albasa ta uku ba. Ya tsaya yana kallon inda ya jiƙe yana komawa fari. Sannan ya gyara riƙon sanda, ya juya, ya fara gangarawa.